Mun bi dare don mu tsira da kuɗin otal

Yau kwana tara kenan da dawowata daga Amurka, duk wanda ya zo yi min sannu da zuwa tambayarsa ɗaya ce, yaya dogayen benaye, yaya sanyi, ka ga wane ka ga wance. Ni kuma abin da ya tsaya min a rai daban ne, wata tafiya ce da muka yi a mota ni da yayana daga Niyok zuwa Greensboro a jihar North Carolina, kuma har yanzu in na kwanta nakan ji ƙarar nan a kunnena, girrrrr. Bari in faro daga farko.

Yaya ya fi shekara ashirin a can, motar haya yake ja a Niyok, yana zaune a unguwar Bronx. Babbar 'yarsa ce ta gama jami'a a Greensboro, za a yi bikin yaye su ranar Asabar ƙarfe 10 na safe, dama kusan abin da ya kai ni ƙasar kenan. Uwargidansa da ƙananan yara tun ranar Alhamis suka bi jirgin ƙasa. Mu kuma shirin da aka yi shi ne mu tashi Juma'a da safe a mota, mu isa da yamma, mu kama ɗaki mu kwana. Tafiyar ta haura mil 500, in ba cunkoso awa tara zuwa goma ce.

Ranar Alhamis da daddare sai Yaya ya fara lissafi, wai Juma'a ranar ciniki ce, in ya bar ta ya yi asara biyu, ga kuɗin da bai samu ba ga na otal. To a nan ne fa ni da bakina, kuma wannan ban taɓa faɗa wa uwargida ba sai dai ta karanta a nan, na ce Yaya me zai hana ka yi aikinka, mu tashi da daddare, titi babu kowa, gari na wayewa muna shiga. Ya ce kai ƙanena ka iya lissafi. Na ce kuma kar ka damu da barci, ni zan riƙe ka da hira har mu isa, ai ka san ni da surutu. Ba ni da lasin tuƙi na can, don haka sitiyarin nasa ne shi kaɗai daga farko har ƙarshe, ni nawa baki ne kawai.

Ya fita aiki ƙarfe 5 na asuba ranar Juma'a, bai shigo gida ba sai wajen tara na dare. A Niyok hukumar motocin haya ta ƙayyade wa direba awa 10 na ɗaukar fasinja a yini, amma fa lokacin da fasinja ke cikin mota ake ƙirgawa, yawon neman fasinja da zaman jira ba sa ciki, shi ya sa mutum zai iya wuni guda a bayan sitiyari bai karya doka ba. Ya ci abinci, ya miƙe a kujera wai zai ɗan runtsa, waya ba ta bar shi ba, wannan ya kira wancan ya kira ana ta taya murna. Ƙarfe 11 muka ɗauki jaka muka fita.

Mun hau gadar George Washington, wata shirgegiyar gada mai hawa biyu a kan kogin Hudson, muka faɗa jihar New Jersey. Fita daga Niyok ta wannan gadar ba a biyan komai, sai in za ka shigo ne suke karɓa. Daga nan muka kama babban titin da suke kira Turnpike, wanda shi na kuɗi ne, amma ba wanda ya tsayar da mu, wata 'yar na'ura ce manne a gilashin gaba, kana wucewa ana cira daga asusunka. Ina ta zuba ido in ga shingen bincike, babu, ko ɗaya. Yaya ya yi dariya ya ce ba ka ganin su amma su suna ganin ka. A lokacin na ɗauka zance ne kawai.

Abu na farko da ya ba ni mamaki a gidan mai ne. Kwana goma ina ganin kowa na zuba wa kansa mai a Niyok, muna tsayawa a New Jersey na buɗe ƙofa zan nuna na waye, Yaya ya riƙo hannuna ya ce zauna, nan doka ta hana, sai ma'aikaci ya zuba maka. Ashe ita kaɗai ce jihar da ta rage da wannan dokar a duk ƙasar.

Wajen sha biyu da rabi muka tsaya a wani wurin hutawa mai suna Molly Pitcher, kusa da garin Cranbury. Wuri ne babba, ga banɗaki ga shaguna ga filin da tireloli suka yi layi kamar an jera akwatuna, injinansu na ta gurnani ƙasa-ƙasa, direbobin na barci a ciki. Muna layin sayen kofi muna hirarmu sai muka ji an ce "sannunku da hanya" daga baya. Wani dattijo ne, furfura fari fat a gemu, direban tirela, mutumin Ghana, Hausarsa irin ta zango mai daɗin ji. Aka gaisa aka tambayi iyali, ya ce ina aka nufa, muka faɗa masa. Sai ya tsaya ya ƙura wa Yaya ido, ya ce ɗan'uwa yaushe rabonka da barci?

Yaya ya ce ai mu mun saba Alhaji.

Dattijon bai yi dariya ba. Ya ja mu gefe ya nuna mana ɗaya hannun titin, wanda ke komawa arewa, ya ce kun ga can, kusan daidai nan ne a watan Yunin 2014 wata tirelar kamfanin Walmart ta daki motar da ke ɗauke da ɗan wasan barkwancin nan Tracy Morgan, wajen ƙarfe ɗaya na dare. Abokinsa James McNair ya mutu, shi Morgan ya yi kusan mako biyu bai san inda kansa yake ba. Da masu bincike suka bi diddigi sai suka gano direban ya haura awa 28 bai yi barci ba, domin sai da ya tuƙo motarsa tun daga jihar Georgia, wajen mil 800, ya zo Delaware, sannan ya hau tirela ya fara aikin ranar. Ana gyaran titi a wurin, an rage gudu zuwa mil 45, shi yana kan 65. Ya ce kamfanin sai da ya biya iyalan mamacin dala miliyan 10, ban da abin da ya biya Morgan wanda ba a bayyana ba, direban kuma ya amsa laifi a kotu a 2016.

Ya ce su masu tirela yanzu ba su da ta cewa, awa 11 kawai doka ta ba ka ka yi tuƙi a cikin awa 14 na aiki, sannan dole ka huta awa 10, kuma in ka yi awa 8 kana tuƙi sai ka tsaya na minti 30. Da a takarda ake rubutawa, kowa ya rubuta abin da ya ga dama, amma tun ƙarshen 2017 na'ura ce a haɗe da injin take rubutawa da kanta, kuma a wuraren awon nauyi da ke kan hanya ana iya cewa kawo a gani. Ya ce shi yanzu haka awanninsa sun ƙare, ko kayan wa ya ɗauko nan zai kwana. Sannan ya ce, ku masu ƙananan motoci ba wanda ya sa muku na'ura, shi ya sa na fi jin tsoronku a kan 'yan'uwana. Ku kwantar da kujera ku yi ko awa biyu ne.

Muka yi godiya sosai, har da su Allah ya saka da alheri Alhaji. Muna shiga mota Yaya ya ce tsofaffin nan akwai tsoro, ni kuma na ce wallahi kuwa. Ya kurɓi kofinsa ya tayar da mota.

In ka wuce tsakiyar jihar ka gangara kudu titin sai ya tsuke, ya koma layi biyu kowane hannu, fitilu su ƙare, ba gari ba gida sai bishiyoyi baƙi ƙirin dama da hagu, titin kuma miƙe sambal, ga mota lafiyayya ba ƙara ba girgiza. Wallahi da shimfiɗa aka yi wa mutum iyakar abin da za a yi masa kenan. Na yi hirar yarinta, na yi ta siyasa, na yi ta ƙwallo. Na lura amsar Yaya ta koma "uhm", "haka ne". Ya sauke gilashi iska ta shigo, ya ƙara muryar rediyo, ya ɗan mari kumatunsa, ya gyara zama ya fi sau biyar. Ya yi hamma, ni ma na yi. Akwai inda ya tambaye ni wai mun wuce mafita ta 4 kuwa, alhali allon ya wuce mu da girmansa ko minti uku ba a yi ba. Duk na ga wannan da idona, ban ce komai ba, don ni na kawo shawarar, in na ce mu tsaya kamar na ƙaryata kaina ne.

Abu na ƙarshe da na tuna shi ne ina ba shi labarin wani malaminmu na firamare. Ban kai ƙarshen labarin ba.

Girrrrrrr. A gefen manyan titunansu akwai wasu tsage-tsage da aka sassaƙa a jikin kwalta, in taya ta hau sai duk motar ta ɗauki rawa da ƙara kamar ana yayyaga ƙarfe, don irin wannan ranar aka yi su. Na buɗe ido na ga ƙarfen gefen titi na tahowa ta ɓangarena, fari tas a cikin hasken fitila, na juya na ga kan Yaya a sunkuye, haɓarsa a ƙirji. Na ƙwalla salati, ya zabura ya fizgi sitiyari, amma kafin nan gefen motar ya riga ya goga, ƙiiiii, madubin ɓangarena ya tashi, na ji shi yana gangarawa a bayanmu. Motar ta yi tangal-tangal ta shiga ɗaya layin ta dawo. Allah ya sa babu kowa kusa da mu a wannan daƙiƙar. Ya samu ya taka birki muka tsaya a kafaɗar titi. Ko minti ɗaya ba a yi ba wata tirela ta wuce mu fuuu, motarmu har sai da ta girgiza.

Mun fi minti biyu ba wanda ya ce uffan. Hannun Yaya na kan sitiyari yana rawa, ni kuma gwiwoyina kamar ba nawa ba. Abin da ya fara faɗa shi ne, "wallahi idona biyu." Kuma ba ƙarya yake ba a nasa sanin, shi dai ya san yana kallon titi, sai kuma ya ji ƙara. Tsakanin nan babu komai a kansa, an yanke kamar yadda ake yanke fim.

Ƙarfe biyu saura. Sai ga fitila ja da shuɗi a bayanmu, ashe wani mai mota da ke can baya ya ga muna kaiwa da komowa tun kafin abin ya faru, ya buga waya. Yaya ya ce min kar ka motsa, kar ka buɗe ƙofa, ɗora hannunka inda zai gani. Shi ma ya kunna fitilar ciki ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari. Ɗan sandan ya zo ta ɓangarena da tocila, ya haska mu, ya haska gefen motar, ya karɓi lasin da takardar inshora. Ya tambayi Yaya ko ya sha wani abu, Yaya har da ɗan ɓacin rai ya ce shi bai taɓa shan giya ba a rayuwarsa. Ya fito da shi ya gwada shi dai duk da haka, ba a samu komai ba. Sai ya yi masa tambayar da dattijon nan ya yi, kusan kalma da kalma, yaushe rabonka da barci.

Yaya mutum ne da bai iya ƙarya ba, ya ce biyar na asubar jiya ya tashi. Ɗan sandan ya duba agogo ya ƙirga, awa 21. Ya ce ka san dokar Maggie? Ni Turancina na kamawa in an yi a hankali, kuma mutumin a hankali ya yi magana, babu tsawa babu zagi, wanda hakan ma ya fi tayar min da hankali. Abin da ya faɗa, da abin da na ƙara ji daga baya, shi ne a 1997 wata ɗaliba 'yar shekara 20 mai suna Maggie McDonnell ta rasu a nan New Jersey, wani mai mota ya tsallako layi ya yi taho-mu-gama da ita. Mutumin ya yi awa 30 bai runtsa ba. Da aka je kotu sai aka ga babu dokar da ta ce tuƙi cikin gajiya ganganci ne, ƙarshenta tarar dala 200 aka ci shi. Ran mutum guda, dala 200. Mahaifiyarta ta ƙi haƙura, ta yi ta bin 'yan majalisa har a 2003 aka sa hannu a dokar da ke ɗauke da sunan 'yar. Yanzu a jihar in ka haura awa 24 ba barci ka tuƙa mota ka kashe mutum, ana iya tuhumarka da kisa da mota, hukuncinsa na iya kai shekara 10 a gidan yari. Ita ce jiha ta farko da ta yi haka, Arkansas ta bi sahu a 2013.

Ya ce wa Yaya kai saura awa uku ka cike 24, kuma niyyarka ka yi awa bakwai nan gaba. Ya ce kar ka ɗauka don ba ka kai ba shikenan, da ka taɓa wani yau mai gabatar da ƙara zai iya shigar da kai ta wata ƙofar. Ya rubuta masa takardar tara ta tuƙin sakaci, ya ɗauki hoton ƙarfen da muka goga don shi ma sai an biya, sannan ya ce ga mafita nan gaba kaɗan, zai bi mu a baya har sai ya ga mun shiga masauki. Haka kuwa aka yi, muna tafe kamar masu rakiyar gawa, shi yana biye.

Masaukin wani ƙaramin otal ne na matafiya dab da gadar shiga Delaware, irin wanda kake ajiye mota a ƙofar ɗakinka. Wata mata ce a kanta, ta bayan gilashi ta karɓi kati, dala 110 da haraji. Ɗakin na warin tsohuwar taba, na'urar sanyaya ɗaki na ƙara kamar injin niƙa, bargon ma ban yarda da shi ba. Kuɗin da muka yi wa dabara kenan, ga shi mun biya, ga tara, ga madubi, ga fenti, ga inshora da za ta ƙaru. Garin neman gira. Yaya ko takalmi bai cire ba, ya faɗa gado, kafin in fito daga banɗaki yana minshari. Ni kuma da na yi barci a inda bai kamata ba, a nan sai ya ƙaurace min, ina rufe ido sai in ga farin ƙarfen nan.

Mun saita agogo ƙarfe biyar wai ko za mu kama ƙarshen taron. Ba wanda ya ji shi. Tara saura muka farka, kira 14 a wayar Yaya. A bakin gadon nan muka kalli yaye ɗalibai ta waya, uwargida ta ɗaga mana, hoton na yankewa, aka kira sunan yarinyar ta hau dandamali da hularta mai kusurwa huɗu, Yaya ya ce ma sha Allah, ya juya fuska bango. Shekara huɗu yana biyan kuɗin makarantar nan da zaman mota. Na fita waje na bar shi, na tsaya ina kallon gefen motar, tabon ya taso tun daga ƙofar gaba har ta baya, wayoyin madubi na reto.

Sauran hanyar da rana muka yi ta, kuma sai a lokacin na ga ƙasar. Gadar Delaware tagwaye ce, doguwa, kana hawa kamar za ka shiga gajimare. Delaware kanta kafin ka gyara zama ka fita. Maryland, sai Baltimore inda titi ya nutse ta ƙarƙashin ruwan tashar jiragen ruwa, ina ta addu'a Yaya na min dariya, karon farko da ya yi dariya ranar. Zagayen Washinton cunkoso ya ci mana fiye da awa ɗaya. Daga Richmond muka kai Petersburg muka saki titi mai lamba 95 muka kama 85, wanda shi ma wani abin sa barci ne, bishiyoyi iri ɗaya dogaye har iya ganinka.

Abin da na lura da shi a hanyar nan allunan tallan lauyoyi ne. Manya-manya, mutum ya sha kwat yana nuna ka da yatsa, wai in an buge ka da mota ka kira wannan lambar, wasu ma tirela kawai suke nema. Na ƙirga har na gaji. Jiya da na gan su da dariya zan yi, yau kuwa sai na ga kamar mu suke nunawa.

Wajen uku na rana a cikin Virginia na ga Yaya ya fara gyara zama, ya kai hannu zai sauke gilashi. Wannan karon ban yi kara ba, na ce Yaya tsaya. Bai yi musu ba. Muka shiga wurin hutawa, ya sha kofi, ya kwantar da kujera na minti 20, ni ina zaune a kan benci ina gadin agogo. Wannan dabarar ma dattijon ne ya faɗa mana muka yi watsi da ita, wai kofi sai ya yi kamar minti 20 zuwa 30 kafin ya fara aiki, to ka sha ka kwanta nan take, kana tashi yana kamawa. Amma ya ce wannan na ɗan lokaci ne, bashin barci da barci ake biyansa.

Mun shiga Greensboro bayan bakwai na yamma, an gama komai, an koma gidan wata ƙawar uwargida ana 'yar walima. Uwargida ta fito ta zagaya motar sau ɗaya, ta dubi mijinta, ta dube ni, ta ce sannunku da zuwa, ta koma ciki. Da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

'Yar ce ba ta bar mu ba, kuma dama fannin lafiyar al'umma ta karanta. Ta rungume babanta ta yi kuka, tana share hawaye ta ce Baba kai da ba ka taɓa kurɓar giya ba, jiya a buge ka yi tuƙi. Ya ce a'uzubillahi wace irin magana ce wannan. Ta ce an gwada, mutumin da ya yi awa 17 ba barci hankalinsa da saurin hannunsa daidai suke da na wanda giya ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, in ya kai awa 24 kamar 0.10 ne, alhali a kusan duk jihohin ƙasar 0.08 ake kama mutum. Ta ce hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar ta ƙiyasta haɗari 91,000 a 2017 kaɗai da gyangyaɗi ya jawo, kusan mutum 800 suka mutu, kuma kowa ya san adadin ya fi haka tunda babu abin hurawa irin na gwajin giya da zai nuna barci, wanda ya mutu kuma ba zai ba da labari ba. Sai ta juyo kaina, ta ce Baffa kai da ka iya lissafi, mota na gudun mil 65, mita nawa take ci a daƙiƙa ɗaya? Na yi shiru. Ta ce kusan 29. In ido ya rufe na daƙiƙa huɗu kun wuce tsawon filin ƙwallo babu direba a motar. Ban san ko "ka iya lissafi" ɗin nan da gangan ta faɗa ba, na dai sunkuyar da kai.

Yaya ya ce to ai tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. A nan ne mijin mai gidan ya sa baki, shi tafinta ne, yana yi wa lauyoyi da kotuna aiki, ya zauna a shari'o'in haɗari da dama. Ya ce Alhaji wannan maganar a tsakaninmu ta tsaya, kar ka kai ta gaban alƙali. Ya ce a kotun nan in mutum ya ce ciwon zuciya ne ya buge shi farat ɗaya bai taɓa sanin yana da shi ba, ana iya sauraronsa, amma barci ba ya zuwa babu sallama, sai ya aiko hamma, ya aiko nauyin ido, ya aiko mantuwa, kai ka ga 'yan aiken ka ci gaba. Don haka ba a tambayarka me ya faru lokacin da idonka ya rufe, ana tambayarka me ya sa ka tayar da mota, me ya sa ka wuce wurin hutawa. Wannan maganar ta zauna min, domin mu muna cewa barci ɓarawo ne, amma wannan ɓarawon sai da ya ƙwanƙwasa ƙofa ya fi sau goma ina zaune ina ji.

Na ce to in mutum ya musa fa, ya ce ya yi barcinsa, wa ya gani? Ya yi dariya ya ce wayarka ta gani. Manhajar da Alhaji ke aiki da ita ta san ƙarfe nawa ya ɗauki fasinjan farko, wayar ta san kiran da ya amsa ƙarfe goma na dare, na'urar biyan kuɗin titi ta san minti nawa kuka wuce kowace ƙofa, rasit ɗin kofi na da lokaci a jiki, motar kanta akwai abin da ke riƙe gudunta da ko an taka birki a daƙiƙun ƙarshe. Kuma haɗarin mai barci a fili yake, babu zanen taya a kwalta, mota ta tafi kai tsaye kamar an aike ta. Sai na tuna maganar Yaya a kan Turnpike, ba ka ganin su amma suna ganin ka.

Ya ce kuma gidan yari ɓangare ɗaya ne, ɗaya ɓangaren diyya ce. Wanda ka raunata ko iyalan wanda ya mutu za su shigar da ƙara ta daban, lauyoyin allunan nan ba sa karɓar ko sisi sai an ci, sannan su ɗauki wajen kashi ɗaya cikin uku, shi ya sa ba sa wasa. In kuɗin asibiti ya wuce abin da inshorarka ta ɗauka, kuma asibitin Amurka ba a magana, ragowar a wuyanka yake, ana iya bin albashi da kadara. In kuma a bakin aiki kake, wanda ya ɗauke ka aikin ma sai ya shigo ciki, musamman in shi ya matsa maka ka wuce awanninka. Na ce to fasinjan da ya ba da shawarar a bi dare fa? Na yi tambayar kamar wasa. Ya ce shi doka ba ta cika kama shi ba. Yaya ya kalle ni ta gefen ido, bai ce komai ba, har yau kuma bai tona ni ba.

Kwana biyu muka yi a Greensboro, gari ne shiru mai yawan itatuwa, 'yar ta zagaya da mu makarantar, ta sake saka rigar da hular don a yi hoto da babanta a gaban ɗakin taron da babu kowa a ciki. Wani mai gyara ya ɗaura mana madubi na wucin gadi da salatif baƙi.

Dawowa uwargida ta ce ba jirgin ƙasa, da mu za ta. Ƙarfe takwas na safe aka tashi bayan kowa ya yi barcinsa, ita da Yaya suna karɓa-karɓa duk awa biyu, yara a baya, ni a tsakiyarsu an ba ni riƙon ledar shara. Da muka zo kudancin New Jersey ta ɗaya hannun na yi ta leƙen tsallaken titi ko zan gane wurin, ƙarfen duk iri ɗaya ne, mil bayan mil, ban gane ba. Ƙaramin yaron ya ce Baffa me kake nema, na ce madubi.